Fiyanon Yamaha P-45 a Kano: sharhi ga mai son ɗansa ya iya kiɗa da hannu biyu

Duk wanda ya shiga shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari da niyyar sayen fiyano, abin da za a fara jawo masa shi ne ɗaya daga cikin 'yan jerin PSR na kamfanin Yamaha, a danna masa maɓalli guda, ganga da jita da sarewa su ɓarke a lokaci ɗaya har masu wucewa a bakin titi su waiwayo. Shi kuwa P-45, wanda a kansa nake wannan sharhi, idan ma akwai shi a shagon, galibi yana jingine a bango cikin kwalinsa, domin ba shi da abin da zai burge mai saye a tsaye. Baƙi ne, dogo, babu allon rubutu a jikinsa, kuma maɓallan sarrafa shi biyu ne kacal, sai abin ƙara murya da rage ta. Ba ya buga ganga, ba ya raka mawaƙi da kansa, sautin da yatsunka suka fitar shi kaɗai za ka ji. Hukuncina a kansa shi ne, ga yaro ko babban da yake son ya koyi kiɗan fiyano tun daga tushe, ban ga abin da ya fi shi dacewa ba a cikin masu sauƙin kuɗi, amma wanda burinsa ya buɗe situdiyo a Titin Gidan Zoo ya riƙa haɗa waƙoƙin fim da na biki, to ya kai kuɗinsa wani wajen.

Ɗan yayana na saya wa, yaro ɗan sakandare da ke zaune a wurina, wanda ya daɗe yana lallatsa wani ƙaramin fiyano mai madannai 61 na abokinsa. Malamin da muka samar masa, wani dattijo ne da ya yi shekaru yana kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan nan mai madannai, a wata majami'a a Sabon Gari, ya kuma iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa. Da na nemi shawararsa a kan abin da zan saya, cewa ya yi: "Alhaji, idan waƙa kake so yaron nan ya haɗa cikin wata guda, kowane fiyano ma ya isa. Idan kuwa hannu kake so ya yi, to ka nemo masa mai madannai masu nauyi." Shi ne kuma ya fara ambata mini sunan Rick Wakeman, ya ce in nemi ayyukansa a YouTube in saurara kafin in yanke shawara, domin rayuwar mutumin ta isa amsa ga tambayar da nake yi. Na saurara, na kuma bi tarihinsa, kuma ina ganin mai karatu ba zai gane dalilin da ya sa nake yabon na'urar da ba ta da ko ganga ba sai ya san wannan tarihi.

An haifi Rick Wakeman a yammacin birnin Landan ranar 18 ga Mayun 1949, ya fara ɗaukar darasin fiyano yana ɗan shekara bakwai, irin darasin nan na tsohon tsari wanda ake zaunar da yaro ya yi ta hawa da saukar sautuka da hannu biyu, ya koyi karanta rubutun kiɗa kamar yadda ake karanta wasiƙa, ya haddace ayyukan magabata. A 1968 ya shiga Royal College of Music, ɗaya daga cikin manyan kwalejojin kiɗa na Ingila, da nufin ya zama makaɗin fiyano na manyan zauruka, inda ya haɗa da koyon wata algaitar Turawa da kuma ilimin rarraba kiɗa ga babbar tawagar makaɗa. Bai kammala ba. A 1969 ya bar kwalejin saboda situdiyoyin Landan sun riga sun gano shi, suna kiransa aikin haya, wato a ɗauki makaɗi na 'yan sa'o'i ya buga abin da ake so a waƙar wani, a biya shi, ya wuce situdiyo na gaba. Irin wannan aiki ba ya jiran mai koyo. Lokacin situdiyo kuɗi ne, kuma wanda za a miƙa wa takarda ya duba sau ɗaya ya buga daidai, ko a rera masa waƙa ya zauna nan take ya tsara mata rakiya, shi ake sake kira gobe. Abin da darasin ƙuruciya ya saya masa ke nan.

A wannan aikin hayar ne ya buga wa mawaƙin Birtaniya David Bowie wata na'ura mai suna Mellotron a waƙar "Space Oddity" ta 1969, ya kuma buga masa fiyano a kundin Hunky Dory na 1971. A shekarar 1971 ɗin dai shi ne ya tsara, ya kuma buga fiyanon da ke cikin "Morning Has Broken" ta Cat Stevens, mawaƙin da ya musulunta a 1977 wanda mutanenmu suka fi sani da Yusuf Islam, kuma ko sunan Wakeman ba a rubuta a jikin faifan ba a lokacin. Ina roƙon duk wanda zai sayi fiyano ya saurari buɗewar wannan waƙa da kunnen basira, ya lura da yadda sautukan ke tasowa a hankali, su cika, su sake lafawa domin su ba muryar mawaƙin hanya. Babu maɓallin da ke yin wannan. Nauyin da yatsa ya sauke a kan madanni ne ke yin sa, kuma yatsan da bai saba da madanni mai tura shi baya ba, ba zai taɓa koyon bambanta bugu mai taushi da mai ƙarfi ba.

Daga nan tauraronsa ya haska. Ya shiga ƙungiyar Strawbs a 1970, sannan a 1971 ya koma ƙungiyar Yes a madadin Tony Kaye, ya bar tayin da Bowie ya yi masa na shiga tasa tawagar. Da shi Yes ta fitar da Fragile a 1971 da Close to the Edge a 1972, kundayen da har yau ake kafa misali da su a kiɗan rok mai dogon zango, inda waƙa ɗaya kan cinye gefen faifai sukutum. A cikin Fragile har akwai wani ɗan guntun kiɗa da ya ɗauko daga aikin Johannes Brahms, Bajamushen mai tsara kiɗa na ƙarni na 19, ya rarraba wa na'urorinsa sassan da a asali tawaga guda ce ke bugawa. A kan dandamali ana ganinsa tsaye cikin alkyabba mai ƙyalƙyali, na'urori sun kewaye shi ta kowane gefe: ogan ɗin Hammond, da Mellotron, da Minimoog, da fiyano, hannun dama a kan wannan, na hagu a kan wancan, kowanne yana bin tasa hanyar. Na'urorin wancan zamani kuwa ba su da sauƙin kai. Mellotron kaset ne a ƙarƙashin kowane madanni, kuma sautin yakan ƙare bayan daƙiƙa takwas ko makamancin haka, dole makaɗi ya san yadda zai sauya yatsu kafin ya yanke. Minimoog sauti ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda, har Wakeman ya sha ba da labarin cewa ya sayi tasa ta farko da araha a hannun wani ɗan wasan fim da ya zaci ta lalace saboda wannan dalili.

Ya yi nasa kundayen na kansa, ciki har da wanda ya gina a kan matan Sarki Henry na Takwas su shida a 1973, da Journey to the Centre of the Earth, wanda aka ɗauka kai tsaye a zauren Royal Festival Hall a Janairun 1974 tare da tawagar London Symphony Orchestra, ya kuma hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin faifai na Birtaniya. Wanda bai koyi rubuta kiɗa ba, ba zai iya tsayawa gaban makaɗa masu yawa haka ya faɗa wa kowa abin da zai buga ba. Sai dai rayuwar ba ta tafi a miƙe ba. A 1974 ya bar Yes, a shekarar kuma ya gamu da bugun zuciya yana ɗan shekara 25. A 1975 ya shirya wani gagarumin wasa a kan ƙanƙara a Wembley, jama'a suka cika wurin amma kuɗin da aka kashe ya fi wanda aka samu. Ya koma Yes a 1976, ya sake fita, ya sake komawa a lokuta daban-daban. Yayin dogayen waƙoƙi ya wuce, matasa suka juya ga kiɗa mai gajeren zango, na'urorin da ya yi suna da su suka tsufa, wasu suka maye gurbinsu, su ma suka tsufa. A shekarun da kasuwa ta ja baya ya yi kiɗan fina-finai, ya yi aikin talabijin da rediyo. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a 2017, shekarar da aka shigar da Yes zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a Amurka, kundin da ya mayar da shi cikin goman farko a Birtaniya shi ne Piano Portraits, wanda babu komai a cikinsa sai shi da fiyano guda, yana dab da shekara saba'in. Alkyabba da tarin na'urori sun yi zamaninsu, abin da ya ci gaba da ciyar da shi shi ne abin da aka dasa a yatsunsa yana ɗan shekara bakwai.

Ba shi kaɗai ba ne. Jon Lord na ƙungiyar Deep Purple da darasin fiyanon gargajiyar Turai ya tashi, har a 1969 ya haɗa ƙungiyarsa da tawagar Royal Philharmonic Orchestra a zauren Royal Albert Hall. Elton John yana ɗan shekara 11 ya samu gurbin karatu a sashen yara na Royal Academy of Music. A nan gida ma, Fela Kuti ya tafi Trinity College of Music a Landan a 1958 kafin ya dawo ya gina salon da duniya ta san shi da shi.

To, me P-45 yake da shi da ya haɗa shi da wannan hanya? Madannansa. Guda 88 ne, farare 52 da baƙaƙe 36, daidai da na cikakken fiyanon katako, kuma an yi su da tsarin da Yamaha ke kira GHS, wato akwai nauyi a ƙarƙashin kowane madanni wanda yake kwaikwayon 'yar gudumar da ke dukan waya a cikin fiyano na ainihi. Na ɓangaren hagu, masu kaurin murya, sun fi nauyi, na dama kuma suna ƙara sauƙi yayin da murya ke sirancewa, kamar yadda abin yake a fiyanon katako na yau, jikan wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700. Yawan madannan ba shi ne ya fi muhimmanci ga mai fara koyo ba, domin darussan shekarun farko ba sa kai wa ƙarshen hagu ko na dama, kuma madannai 61 ma za su ɗauke su. Nauyin shi ne magana. A makonnin farko yaron ya riƙa kukan cewa ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suna gajiya, yana cewa: "Baffa, wannan fiyanon gardama gare shi." Malamin ya ce gardamar ita ake nema, kuma gaskiyarsa ce, domin yanzu idan yaron ya buga sautuka biyar a jere, ina iya jin cewa sun fito da ƙarfi ɗaya, ba kamar da ba da babban yatsa ke danne sauran. Ana iya sauya yadda madannan ke amsa bugu, daga mai tauri zuwa matsakaici zuwa mai taushi, har ma a kashe bambancin gaba ɗaya, amma shawarata a bar shi a matsakaici kada a taɓa.

Muryoyinsa goma ne kawai: babban fiyano iri biyu, fiyanon lantarki iri biyu, ogan irin na majami'a iri biyu, wani kakan fiyano da ake kira harpsichord iri biyu, sai muryar gogen Turawa da ta wani kayan kiɗa na ƙarfe. Wanda ya saba da PSR-E373, mai muryoyi 622 da salon rakiya 205, zai ga kamar an cuce shi. Ni kuwa ina ganin ƙarancin nan alheri ne ga ɗalibi, saboda na ga yadda yara kan ɓata sa'ar darasi suna yawo daga muryar jirgi zuwa ta tsuntsu. Muryar fiyanon ta farko, wadda ita ce za a yi kusan dukkan aiki da ita, tana da daɗi da tsabta, musamman a tsakiya, kodayake idan aka riƙe madanni ɗaya aka saurara har sautin ya mutu, kunne mai kyau zai gane cewa na'ura ce, domin yana yankewa da wuri fiye da na waya ta gaske. Yana iya riƙe sautuka 64 a lokaci guda, adadin da ya wadaci ɗalibi na shekaru masu yawa. Sifikunsa biyu masu wat shida-shida sun isa ɗaki ko falo madaidaici, amma ba za su yi komai a wurin taro ba, kuma muryoyin hagu masu kauri sun fi fitowa sosai idan an sa abin sauraro a kunne.

Abubuwa biyu ƙanana sun yi mana amfani fiye da yadda na zata. Na farko, yana da agogon ƙidayar bugu a cikinsa, wanda ke ƙwanƙwasawa a kan sauri ɗaya domin ɗalibi ya daidaita kansa, kuma babu abin da ke tona gaggawar yaro kamar wannan ƙwanƙwasa. Na biyu, ana iya raba madannan gida biyu masu murya iri ɗaya, malami ya zauna a hagu, ɗalibi a dama, malami ya buga, yaro ya maimaita a wuri guda ba tare da an tashi an ba juna kujera ba. Ramin abin sauraron kunne kuma ya warware mana matsalar da kowane gida a cikin gari zai fuskanta, domin gidajenmu a manne suke, kuma ba kowane maƙwabci ne yake son jin kiɗa ba, balle a lokacin salla ko karatu. Da abin kunnen, yaron yana yin atisayensa bayan isha'i ba wanda ya sani.

Akwai inda ya gaza, kuma ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya. Da yake babu allo, duk wani sauyi sai an danne maɓalli ɗaya sannan a taɓa wani madanni na musamman, kuma idan takardar bayanin ta ɓata, sai an koma intanet a nemo ta. Ba ya ɗaukar abin da aka buga domin a sake saurara, sai dai a haɗa shi da kwamfuta ta ramin USB ko a ɗauka da waya. Ba shi da ramin da aka keɓe don haɗa shi da manyan sifiku, sai a bi ta ramin abin kunne, wanda shi ma a baya yake, wurin da hannu ba ya kai wa da sauƙi idan an jingina fiyanon da bango. Fedar da ke zuwa a cikin kwalin, wato abin da ake takawa da ƙafa domin sauti ya daɗe, 'yar ƙarama ce mara nauyi, tana gudu a kan tayil ko siminti mai santsi, kuma ko dai a kunne take ko a kashe, babu tsaka-tsaki. Duk wanda ya yi nisa kaɗan zai buƙaci ya sayi feda mai siffar ta fiyanon gaske.

Sai maganar wuta, wadda a Kano ba a tsallake ta. P-45 ba ya aiki da batir, saɓanin ƙananan PSR da ake zuba wa batura shida a ci gaba da kiɗa ko an ɗauke wuta. Da adafta mai bolt 12 yake aiki. Sauƙin abin shi ne wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai, ƙaramar inbata ko 'yar solar da ke cajin waya da kunna fanka za ta riƙe shi ba tare da ta ji ba, kuma yana kashe kansa idan an bar shi rabin sa'a ba a taɓa ba. Ban ba da shawarar a jona shi kai tsaye da ƙaramin janareta ba sai da sitabilaiza a tsakani. A kan adaftar ne ma na samu saɓani da shagon da na saya, wanda ba zan ambaci sunansa ba: wadda suka sa mini a kwalin ba ta asali ba ce, tana sa sifiku yin wani gurnani a ƙasa-ƙasa, sai da malamin ya ji ya ce a mayar. Sun canza ba tare da doguwar magana ba, amma mai saye ya buɗe kwali a gabansu, ya karanta abin da ke rubuce a jikin adaftar, ya kuma sa a kunna a cikin shagon ya kasa kunne kafin a buga komai. Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke sauka, ƙura tana shiga tsakanin madannai ta kwanta a kan abin da ke auna ƙarfin bugu, kuma alamar hakan ita ce madanni ɗaya ya riƙa fita da ƙarfi fiye da 'yan uwansa ko ya yi shiru. Mayafi mai kauri da tela zai ɗinka daidai tsawonsa ya wadatar, muddin ana rufewa duk lokacin da aka tashi.

Nauyinsa kilo 11 da rabi ne, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya da santimita 30, mutum ɗaya zai iya ɗauka, kuma yana shiga Adaidaita Sahu idan an kwantar da shi a kan cinya. Ƙafar ƙarfe mai siffar almakashi da ake sayarwa tare da shi tana rawa idan ana bugu da ƙarfi. Mu kafinta muka sa ya yi mana tebur mai ƙarfi da benci, malamin ya auna tsayin da kansa yadda gwiwar hannun yaron za ta yi daidai da madannai, kuma kuɗin bai kai na ƙafar kamfani ba.

Ba na son a fahimci wannan sharhi a matsayin raina makaɗan situdiyonmu. Tun daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da fiyanon PSR ya shiga situdiyoyin Kano, mutum ɗaya a ɗan ƙaramin ɗaki ya zama shi ne mai ganga, shi ne mai sarewa, shi ne mai goge, kuma a kan wannan aka gina sautin waƙoƙin Kannywood da ya kai har Nijar da Ghana da Sudan. Da yawansu da kunne suka koya, kuma kunnen nasu abin girmamawa ne: a rera musu waƙa sau ɗaya su kamo karinta. Amma na zauna a irin waɗannan ɗakuna, na ga yadda hannun dama ke yin dukkan aiki, na hagu kuwa yatsa ɗaya ko biyu yake sa wa domin ya gaya wa na'ura inda za ta juya, na kuma ga yadda ake buga kowace waƙa a kan madannai iri ɗaya, idan muryar mawaƙi ta yi sama ko ƙasa sai a danna maɓallin da ke ɗaga sautin gaba ɗaya. P-45 ma yana da wannan dabara, amma malamin ya hana yaron taɓa ta, ya ce sai ya iya buga waƙa ɗaya daga kowane madanni cikin goma sha biyun da ke maimaituwa a jikin fiyano, da hannunsa. Sakamakon dogaro da na'ura shi ne waƙoƙi da yawa suna kama da juna, domin bit ɗin da kamfani ya zuba a ciki shi kowa yake ɗauka, kuma ranar da aka daina yayin wannan na'ura, gwanintar da aka gina a kanta takan tafi tare da ita.

Wannan doguwar hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Makaɗan kalangun da suka raka Mamman Shata, da masu kotson Musa Ɗanƙwairo, ba a wata guda suka zama abin da suka zama ba. Yaron makaɗi yakan yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana amshi, yana kallon hannun ubangidansa, kafin a yarda ya matse kalangu a hammata a gaban jama'a, kuma idan ya iya, to ya iya har abada, domin sautin a hannunsa da hammatarsa yake. Abin da nake fata shi ne a samu yaran Kano da za su ba fiyano irin wannan haƙurin, sannan su juyo da shi kan namu karin. Malamin ya nuna mana cewa baƙaƙen madannan nan biyar da ke maimaituwa suna ba da tsani mai sauti biyar, wanda a kan irinsa ne yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya suke tafiya, kuma ranar da yaron ya ɗauko wata waƙar gaɗa da kakarsa ke yi, ya buga karinta da dama, ya sa mata amshi da hagu, na ji abin da ban taɓa ji a kaset ɗin situdiyo ba. Hannun hagun yana amsa wa na dama kamar yadda 'yan amshi ke yi, yana jinkirtawa inda ya kamata, abin da rakiyar na'ura ba ta san shi ba.

Wanda yake son ya bi hanyar har zuwa takardar shaida, akwai jarrabawar hukumar ABRSM ta Birtaniya mai matakai daga 1 zuwa 8, akwai kuma makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, mai nata jarrabawar. Matakan farko da na tsakiya P-45 zai kai ɗalibi ba tare da matsala ba. Daga mataki na shida zuwa sama, inda ake buƙatar saurin maimaita madanni ɗaya da sarrafa feda da kyau, zai fara nuna iyakarsa, kuma a nan ɗalibi zai buƙaci ya riƙa samun fiyanon katako lokaci-lokaci, abin da a Kano sai an nema a wasu majami'u da makarantu.

Game da saye, Yamaha ta fitar da P-45 a 2015, sannan a 2023 ta fito da P-145 a matsayin magajinsa, wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta. Wannan ya sa sabon P-45 yana raguwa a kasuwa, na hannu kuma yana ƙaruwa, kuma farashin duka biyun yana bin dala, don haka a zagaya shago fiye da ɗaya, a kuma tambayi na Legas kafin a biya. Akwai wasu fiyanon marasa suna masu madannai 88 da ake sayarwa da rabin kuɗinsa, madannan nasu sifirin ne kawai a ƙasa ba nauyi, kuma araha ba ta ado: a danna madanni a hankali a sake shi, idan ya yi tsalle ya dawo da sauri kamar maɓallin kwamfuta, ba shi ake nema ba. Idan na hannu za a saya, a tafi da wanda ya iya, a bi madannan 88 ɗaya bayan ɗaya, kowanne a buga shi a hankali sannan da ƙarfi, a tabbatar murya tana sauyawa, a saurari ko akwai wanda ke ƙara kamar roba ta karye a ciki, a gwada ramin feda da na abin kunne da na USB. Kuma a ware kuɗin malami tun kafin a ware na fiyanon, aƙalla na shekara guda, a yi yarjejeniya da shi a kan ranakun darasi da abin da yaro zai riƙa yi kullum tsakanin darasi da darasi.